Gidan Bilbo a Cikin Kwali: Gwaninta Ta Kai, Amma Ina Baƙin?

Makon jiya na tarar da yaran layinmu sun yi cincirindo a kan waya ɗaya a ƙofar shago. Na ɗauka ƙwallo suke kallo. Ashe wani bidiyo ne, hannuwan mutum kawai ake gani yana gina gidan da bai fi kwalin taliya ba, da koriyar ƙofa zagayayya kamar faifai, da tukwane kamar ƙwayar gyaɗa. Autan maƙwabcina ya ce, "Baba, gidan Bilbo ne." Tun daga ranar na bi irin waɗannan bidiyoyi na kalli da yawa, kuma ina da ta cewa.

Ga wanda bai sani ba, gina ɗan ƙaramin gida tsohuwar sana'a ce a Turai da Amurka, kuma manya ne suka fi yin ta. Ma'aunin da aka fi bi shi ne inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, wato ƙofa mai ƙafa 7 sai ta koma inci 7. A kan wannan ma'auni aka yi wa Sarauniya Mary ta Ingila nata gidan, wanda aka gama a 1924, har da lantarki da ruwan famfo. Wani reshe na sana'ar kuma shi ne gina gidajen da babu su a duniya sai a littafin almara ko fim, kamar makarantar Hogwarts ta labarin Harry Potter, da gidan Bilbo na littafin The Hobbit da J.R.R. Tolkien ya fitar a 1937.

A faɗi gaskiya, aikin hannun ya isa yabo. Mutum zai yanka siraran katako ya shimfiɗa daɓe ɗaya bayan ɗaya, ya murza burodi da yumɓun roba, ya shafa wa bango baƙi-baƙi don ya yi kamar hayaƙin murhu ya daɗe yana dukansa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maɗinkin hula ko baduku ya san irin haƙurin da wannan ke ci.

To ina matsalar? Gidajen Bilbo da na gani kusan duk kamarsu ɗaya, sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Dalili kuwa, maginan ba littafin suke bi ba, finafinan Peter Jackson suke kwafa, waɗanda suka fara fitowa a 2001. Launin bango, tsarin murhu, taswirar da ke kan tebur, duk daga allon fim aka ɗauko. Masu yabo ma abin da suke cewa ke nan: wai ya yi daidai da na fim. Idan iyakar burin magini ke nan, ai ya zama mai kwafi da hannu mai kyau, kuma tunanin wani yake ƙanƙantawa.

Abin da ya fi damuna shi ne an bar ran gidan a waje. A littafin, Bilbo na da maratayai da yawa a hanyar shiga saboda yana son baƙi, kuma labarin ya tashi ne ranar da wadanni 13 da Gandalf suka cika masa gida ba shiri, suka cinye abin da ke rumbunsa. Mu da muka taso a unguwar da mai gida ke sauke fatake da 'yan ci-rani, mun san yadda gida ke komawa bayan baƙi: kwanuka a jibge, takalma a bakin ƙofa. Amma a yawancin ƙananan gidajen nan komai tsaf yake kamar ɗakin amarya ranar jere. Ba wanda ya taɓa zama a kujerun.

Kwatanta da fadar aljanu ta Colleen Moore, 'yar fim ɗin Amurka, wadda aka gama a 1935, aka zagaya da ita garuruwa ana tara wa yara mabukata kuɗi, kuma take ajiye a wani gidan tarihi a Shikago tun 1949. Daga tatsuniyoyin Turawa aka tsamo ta, har da zagayayyen teburin Sarki Arthur, amma ba hoton kowa aka kwafa ba. Kuma ba a zuba 'yan tsana a ciki ba, an bar wa mai kallo ya cika ɗakunan da mutanen da ke ransa. Wannan shi ne aikin da ke girmama labari da mai kallo gaba ɗaya.

Mafi rauni a wurina su ne na haɗa-da-kanka da ake sayarwa a intanet: inji ya yanka katako, an sa wa kowane yanki lamba, naka kawai shafa gam. Suna da kyau a ido, musamman idan an kunna 'yan fitilun. Sai dai yaron da ya haɗa irinsa ya koyi bin umarni ne kawai. Motar kara da muka yi muna yara ta fi shi koyar da dabara, don ba wanda ya ba mu zane.

Ban ce a hana yara kallo ba. A bar su su ɗauki dabarun ma'auni da yanka da fenti, ilimi ne. Amma da yawa daga cikin yaranmu a ɗakin haya aka haife su a nan kudu, ba su taɓa kwana a gida mai zaure da rumbu ba. Kwali da kara da laka ba su da tsada. A ba su, a ce su gina gidan Gizo da Ƙoƙi, su je wajen kaka su tambayi inda turaka take da inda ake girki. Ba wanda zai ce musu bai yi daidai da na fim ba. Kuma idan sun gama, a duba ko sun bar wa baƙo tabarma a zaure.