Saɓanin Alƙaluma a Kundayen Walƙiyar Rediyo: Tarke da Shawara

1. Gabatarwa

Wannan takarda tarke ce a kan kundayen da masana taurari suke tara labarin abin da ake kira da Faransanci sursauts radio rapides, wanda aka fi sani da haruffan FRB. Mu a nan za mu kira shi walƙiyar rediyo, sabili da yadda yake zuwa: igiyar rediyo ce mai ƙarfi da ke isowa daga nesa ƙwarai, ta yi ƴan milisakan, ta ɓace. Duncan Lorimer da ɗalibinsa David Narkevic suka fara gano ta a 2007, cikin tsofaffin bayanan da teleskof na Parkes, a Ostareliya, ya ɗauka ran 24 ga Yuli 2001.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, ɗalibin da ba shi da teleskof, waɗannan kundaye su ne gonarsa, tun da a buɗe suke ga duk mai intanet. Sai dai wanda ya buɗe biyu ko uku daga cikinsu zai tarar walƙiya ɗaya tana da suna biyu, da lokaci biyu, da ƙarfi biyu. In ya zuba su cikin tebur ɗaya ya zana hoto, hoton zai fito sarai, ya gina memwar a kansa, alhali kuwa abin da ya gano bambancin ma'aunai ne, ba halin sama ba.

2. Kundayen da sunayensu

Kundin farko na gama-gari shi ne FRBCAT, wanda Emily Petroff da abokan aikinta suka fitar a 2016. An daina ƙara masa sababbin bayanai a 2020, aka mai da rajistar sunaye ga TNS, rumbun da Cibiyar Weizmann ta Isra'ila take riƙe da shi. A 2021 ƙungiyar CHIME ta Kanada ta buga kundinta na farko. Bayan waɗannan akwai rumbunan da ke kwaso alƙaluma daga ko'ina su haɗa, irin su FRBSTATS da Blinkverse.

A ganinmu, tsarin FRBCAT ya fi na yawancin waɗanda suka biyo bayansa hankali, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta. Ya raba bayanai gida uku: na na'urar da ta yi awon, da abin da aka auna, da abin da aka lissafo bisa wani zato. Haka nan masu kundin sun sake awon walƙiyoyin da suka samu ɗanyen bayanansu da hanya iri ɗaya, suka kuma bar alƙaluman asali a gefe domin mai karatu ya gwada. TNS kuwa ofishin suna ne, aikinsa ya hana a ba abu biyu suna ɗaya. Wanda ya ɗauki alƙaluman da aka shigar ranar rajista a matsayin awo na ƙarshe, laifin ba na TNS ba ne.

Matsalar suna ita ce mafi sauƙi, ba za mu daɗe a kanta ba. Da can ana kiran walƙiya da ranar da ta zo, shekara da lamba biyu, kamar FRB 121102. Da aka fara samun fiye da ɗaya a yini, sai aka koma shekara da lamba huɗu da harafi a ƙarshe. FRB 121102 ta zama FRB 20121102A, FRB 180916.J0158+65 ta zama FRB 20180916B, kuma a cikin muƙaloli za a ga ana ce musu R1 da R3. Ɗan tebur na daidaita sunaye ya isa ya raba wannan gardama.

3. Me ake ƙirgawa?

Daga nan maganar take yin nauyi. Kundin CHIME na farko ya ƙunshi abin da aka gani daga 25 ga Yuli 2018 zuwa 1 ga Yuli 2019. Walƙiya 536 ce: 474 daga tushen da bai sake ba, 62 daga tushe 18 masu maimaitawa. Tushe 492 ke nan. Amma fayil ɗin da ake saukewa yana da layi 600, domin walƙiyar da ta zo gaɓa-gaɓa an ba kowace gaɓa layinta. Daɗin daɗawa, sanarwar farko ta watan Yuni 2021 cewa ta yi 535, sai bugun ƙarshe ya ce 536. Ga adadi huɗu daga kundi guda, kuma ba wanda yake ƙarya a cikinsu. Tushe daban, walƙiya daban, gaɓa daban, sannan kowane bugu da ranarsa.

Illar rashin bambancewa tana bayyana idan aka haɗa da bayanan teleskof na FAST, a ƙasar Sin. Wannan na'ura ta kama walƙiya 1652 daga FRB 20121102A kaɗai cikin kwana 47 a 2019. Duk rumbun da ya zuba waɗannan layi-layi tare da 474 na CHIME, ya kuma bar mai amfani ya zana yaɗuwar ƙarfi ko ta faɗi ba tare da gargaɗi ba, to tushe ɗaya ya rinjayi ɗaruruwa, hoton kuma na wannan tushe ne.

Akwai kuma gurbin da ake rubuta "mai maimaitawa" ko "mai sau ɗaya". Na farkon shaida ce, na biyun rashin shaida ne, bai kamata a ɗauke su da nauyi ɗaya ba. FRB 20171019A, wadda ASKAP ya gani a Ostareliya, tana cikin masu sau ɗaya har 2019, lokacin da aka ba da labarin teleskof na Green Bank ya kama maimaicinta, mai rauni kamar sau 590 bisa na farko. Haka waɗansu da kundin CHIME ya sa cikin masu sau ɗaya suka koma ɗaya rukunin a 2023. Ayyukan da ke koya wa kwamfuta rarrabe rukunan biyu suna dogara ga wannan gurbi kamar hukunci ne tabbatacce. In ba a faɗi awa nawa aka yi ana sauraren wurin ba, da kuma iyakar jin na'urar, kalmar "sau ɗaya" ba ta faɗi kome ba game da tushen.

4. Ma'aunin jinkiri

Adadin da ya fi kowane muhimmanci a kundayen nan shi ne DM, wanda za mu kira ma'aunin jinkiri. Igiyar rediyo in ta ratsa elektaron da ke warwatse a sararin samaniya, ta zangon sama tana riga ta zangon ƙasa isowa. Gwargwadon yawan elektaron da ke kan hanya, gwargwadon jinkirin, saboda haka DM yake nuna nisa a kaikaice. Mai karatu zai zaci adadi irin wannan ba ya da gardama. Yana da ita, ta fuska biyu.

Ta farko wajen awon kansa. Tsohuwar hanya ita ce a zaɓi DM ɗin da ya sa walƙiyar ta fi fita bisa hayaniya. Amma masu maimaitawa da yawa gaɓoɓinsu suna gangarowa daga zangon sama zuwa na ƙasa, kuma wannan gangara takan saje da jinkiri, ta sa adadin ya haura. Jason Hessels da abokansa sun nuna haka a 2019 a kan FRB 20121102A, suka zaɓi DM ɗin da ya fi fito da siffar gaɓoɓin, suka samu kimanin 560,5. Da aka fara ba da labarin wannan tushe daga Arecibo a 2014, kimanin 557 aka rubuta. Wanda ya ga 557 a nan da 560,5 a can yana iya cewa DM ɗin ya ƙaru cikin ƴan shekaru. Ƙaruwar tana iya zama gaskiya, domin an ga alamar sauyi a wannan tushe. Amma daga tebur kaɗai ba mai iya raba sauyin tushe da sauyin hanyar awo, sai ya koma ga muƙalar asali.

Fuska ta biyu ta fi girma. Kafin a yi maganar nisa, sai an cire rabon galaksinmu daga DM, kuma wannan rabo ba auna shi ake yi ba, daga taswira ake karanto shi. Taswira biyu aka fi aiki da su: NE2001 ta Cordes da Lazio, da YMW16 ta Yao da Manchester da Wang. Mu ɗauki FRB 20180916B, mai DM kusan 349, wadda take kusa da faifan galaksinmu. NE2001 ta ce rabonmu 200 ne, saura 149. YMW16 ta ce 325 ne, saura 24. In aka cire ƴan gomomin da ake ba kewayen galaksin, bisa taswira ta biyu ba abin da ya rage, har mutum ya yi zaton tushen a gida yake. Sai a 2020 gamayyar teleskof ta Turai, EVN, ta tsai da shi cikin wani galaksi mai nisan shekarar haske kusan miliyan 500, z ɗinsa 0,0337. Ta wannan gefe na sama YMW16 ta yi yawa. Wannan bai sa NE2001 ta zama gwana a kowane gefe ba, abin da ya nuna shi ne gurbin "ragowar DM" ra'ayin taswira ne. Kundin CHIME ya kyauta da ya kawo lissafin taswirorin biyu gefe da gefe. Rumbun da ya zaɓi ɗaya bai faɗa ba, ko ya kwaso wani layi bisa wannan wani bisa waccan, ya ɓata duk lissafin nisa da na ƙarfi da za a ɗora a kai.

Batun bai tsaya ga tushe ɗaya ba. Aikin Jean-Pierre Macquart da abokansa na 2020, wanda ya yi amfani da walƙiyoyi ƴan kaɗan wajen ƙirga kayan duniya da suka ɓuya tsakanin galaksi da galaksi, a kan wannan cirewa ya tsaya.

5. Lokaci, ƙarfi da wuri

Lokacin isowa ma sai an tambaya: a wane zango, a ina, da wane agogo? Ga DM 349, igiyar megahaz 400 tana makara da kamar sakan 9 bisa lokacin da ba jinkiri, shi ya sa CHIME take ba da lokutan biyu. Tsakanin lokacin da aka auna a doron ƙasa da wanda aka mai da tsakiyar tsarin rana, bambancin yana iya wuce minti 8. Tsakanin agogon UTC da na TDB akwai kimanin sakan 69 tun 2017. Ga mai nazarin zagayen kwana 16,35 da aka gano a FRB 20180916B wannan ba kome ba ne. Ga mai son tabbatar da cewa teleskof biyu walƙiya ɗaya suka gani, ko mai gwada ta da hasken X, kamar yadda aka yi da ta SGR 1935+2154 ran 28 ga Afrilu 2020, sakan ɗaya ma ya yi yawa.

Ƙarfi kuwa, na'ura tana jin abin da ya faɗo tsakiyar idonta fiye da na gefe. In ba a san inda walƙiyar ta faɗo ba, akan lissafa kamar a tsakiya take, adadin da ya fito kuma mafi ƙaranci ne da zai yiwu. Kundin CHIME ya faɗi haka ƙarara, kuma da aka sake awon 140 daga cikin walƙiyoyinsa da ɗanyen bayanai, aikin da aka buga a 2024, wurarensu da ƙarfinsu sun gyaru. Ita kanta walƙiyar Lorimer an fara ba ta kimanin Jy ms 150, sai nazarin Vikram Ravi na 2019 ya kai ta wajen 800. Abin takaici, ƴar alamar nan ta "ya fi haka" ita ce takan fara faɗuwa idan ana kwafe tebur. Haka lokacin warwatsuwa: CHIME a megahaz 600 take ba da shi, waɗansu a 1000, tsakaninsu kuwa ninki ne kusan takwas. Tiya ce ta kasuwa biyu, suna ɗaya, ciki daban.

Wuri shi ma haka. Idon Parkes ya kai kusan rabin faɗin wata, galaksi da yawa suna iya shiga ciki. A 2016 an danganta FRB 150418 da wani galaksi saboda wani hasken rediyo da aka ga yana dushewa, kafin Williams da Berger su nuna hasken na tsakiyar galaksin ne mai hawa da sauka, ba ruwansa da walƙiyar. Gurbin "galaksin asali" da bai zo da gwargwadon tabbaci ba yana iya riƙe irin wannan da'awa bayan an janye ta.

6. Yadda muke ganin sulhun

Hanya biyu da aka fi saurin bi, duka ba mu yarda da su ba. Ta ɗaya a ɗauki matsakaici. Matsakaicin 149 da 24 adadi ne da ba taswirar da ta faɗe shi, ba kuma wanda zai iya kāre shi. Ta biyu a ce na baya-bayan nan shi ne daidai, alhali sabon rumbu sau da yawa tsohon adadi ya kwafo, ya bar sharaɗinsa a baya. Abokan aikinmu masu gwada kwafe-kwafen rubutun hannu sun daɗe da sanin wannan: kwafi goma da suka fito daga uwa ɗaya shaida ɗaya ce. Rumbu uku da suka yi daidai a kan adadi ba su tabbatar da shi ba in duka daga muƙala guda suka sha.

Saboda haka kafin a ce adadi biyu sun saɓa, sai an mai da su ma'auni ɗaya: zango ɗaya, agogo ɗaya, taswira ɗaya. Mafi yawan saɓanin da muka lissafa a nan yake narkewa. Abin da aka lissafo, irin nisa da ƙarfin asali, bai kamata a kwafe shi ba sam, sai dai a sake lissafa shi daga abin da aka auna, da zato guda ga dukan layukan. Saɓanin da ya rage bayan wannan shi ne na gaske, kamar na 557 da 560,5, kuma shi bai kamata a shafe ba. A bar adadin biyu, kowane da muƙalarsa da teleskof ɗinsa da hanyar awonsa, kamar yadda FRBCAT ya fara tun 2016. Mai kula da memwar kuma ya nemi ɗalibi ya rubuta ranar da ya sauke fayil da lambar bugunsa a ƙarƙashin kowane hoto, domin walƙiyar da ke cikin masu sau ɗaya a fayil na 2021 tana iya zama cikin masu maimaitawa a na 2023.