Tsohon Bishop da Samarin Lokoja

Littafin Farfesa J. F. Ade Ajayi a kan tarihin mishan a Nijeriya daga 1841 zuwa 1891 ya fito a 1965, da Turanci. Ƙarshensa nake so mu duba, domin ya shafe mu, mu masu bi da muke sujada da Hausa, ko a Zariya ko a nan Parakou da Djougou.

An naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a Canterbury a 1864. A 1890 waɗansu samari na ƙungiyar CMS suka sauka a Lokoja da nufin kai bishara ƙasar Hausa. Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson ne a gabansu. Suka sa riguna irin namu, suka dage da koyon harshenmu. Su ɗin kuma, da abokansu, suka tasam ma ma'aikatan Crowther. A taron Onitsha na watan Agusta 1890 aka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Brooke yana da shekara 25, tsohon kuwa ya kai tamanin. Kwamitin Landan bai tsaya masa yadda ya kamata ba. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891, aka ba Bature kujerarsa.

Ajayi ya yi gaskiya. Bai ɓoye cewa waɗansu ma'aikatan suna da laifi ba, tsohon kuma mai jinkiri ne wajen horo. Amma ya nuna a fili yadda himma ta gauraya da raini. Wannan ya yi mini ɗaci, gama tun ina yaro ake yaba mana waɗanda suka fara koyon Hausa saboda Almasihu, ba wanda ya faɗa mana wa suka taka a hanya.

Inda littafin ya gaza a ganina shi ne, idon marubucin yana kan mulki: wa ya riƙe aiki, wa aka ƙwace wa. Abin da ya riƙe zuciyar tsohon bai sami wuri sosai ba. Ga mutum da aka sayar bawa yana yaro, 'yan'uwansa cikin Ubangiji suka kunyata shi da furfura, duk da haka bai fita daga ikkilisiya ba, bai bar aikin bishop ba sai da mutuwa ta ɗauke shi. Ina karantawa ina tuna Bulus a 2 Timoti sura 4, ranar da ya tsaya gaban shari'a ba kowa tare da shi. Wannan fa nake bukata in na zauna da ɗan'uwan da dattawa suka juya wa baya, yana tambayata ko zai zo sujada ran Lahadi.

A 2014 Akbishop Justin Welby ya tsaya a Canterbury ya amsa laifin ikkilisiyarsa a kan Crowther. Shekara 122 ke nan bayan an binne shi.