Gadar Li Chun: Dutse Ya Riƙe Dutse

A gundumar Zhao da ke lardin Hebei na ƙasar Sin akwai wata gadar dutse a kan kogin Xiao, ana kiranta Anji ko Zhaozhou. Wani magini mai suna Li Chun ne ya gina ta tsakanin shekarar 595 da 605, zamanin daular Sui. Tsawonta ya kai mita 50, kuma baka guda ce ta haɗa gaɓa da gaɓa, mita 37 ba ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa.

Da ma magina sun san cewa idan aka jera duwatsu a lanƙwashe, nauyin kowanne yana danne maƙwabcinsa har ya sauka a gindin gada. Matsalar ita ce baka mai rabin da'ira tana yin tudu, amalanke sai ya sha wuya kafin ya hau. Li Chun ya kwantar da tasa, tashinta bai wuce mita 7 da 'yan kai ba. Kwantacciyar baka kuwa tura gaɓa take yi da ƙarfi, shi ya sa ba kowane magini ke kusantarta ba.

Abin da ya fi burge ni yana ƙarƙashin gadar. Wanda ya tsaya a can ya ɗaga kai zai ga ashe siraran baka 28 ne aka jera gefe da gefe, kowacce tana iya tsayuwa da kanta. Ga yadda aka gina su: a kafa madogarin katako, a jera duwatsun layi ɗaya, a zare katakon, a matsar da shi gaba. Duwatsun kuma an ɗaure su da ƙarafa masu siririn ƙugu kamar kalangu, an fafe dutse an cusa su ciki. Amfanin wannan dabara ya fito daga baya: wasu layukan gefe sun taɓa ruftawa, sauran ba su motsa ba, aka gyara iya inda ya lalace.

Sai ƙananan ƙofofi huɗu da Li Chun ya huda a kafaɗun gadar, biyu a kowane ɓangare. Sun rage mata nauyi, in kogi ya cika kuma ruwa ya bi ta cikinsu maimakon ya daki bango. Haka ta tsallake ambaliya iri-iri, har da girgizar ƙasar Xingtai ta 1966.

A farkon shekarun 1930 masanin gine-gine Liang Sicheng ya je ya auna ta, ya jawo hankalin masana gare ta. Babban gyaran da ya biyo baya a shekarun 1950 ya cece ta, amma a ganina hannun masu gyaran ya yi nauyi: an sauya duwatsu da yawa da sababbi. Sassaƙaƙƙun duwatsun shingenta na dā, waɗanda aka tono daga ƙasan kogin, yanzu sai a gidan tarihi ake ganinsu.