Jakar da Ke Hawa Dutse Ta Kuma Shiga Ruwa

A arewa maso yammacin Ingila akwai yankin Lake District, ƙasar tsaunuka da tafkuna. Wasu matafiya a can ba sa kewaye tafki idan ya tare musu hanya. Faɗawa suke yi su ƙetare da iyo, su fita a ɗaya gaɓar su ci gaba da hawan dutse. Har akwai wata hanya mai suna Frog Graham, wadda Peter Hayes ya fara bi a 2005: kusan kilomita 64, daga garin Keswick, ta ratsa tafkuna huɗu ta dawo inda ta taso. Kowa na ganin jarumtar masu iyon. Ni wanda ya fi burge ni shi ne mai ƙera musu abin ɗaukar kaya.

Tudu da ruwa ba bukatarsu ɗaya ba. A tudu nauyi ne abokin gaba, kuma ana so kaya su manne da baya su zauna a ƙugu. A ruwa kuwa jakar da ke baya danne mutum take yi, ta hana kafaɗa juyawa. Sannan duk abin da ya taimake ka a ruwa, da ka fito sai ka goya shi ka hau dutse da shi, yana ɗiga.

Lissafin farko mai sauƙi ne: lita ɗaya ta iska tana riƙe kusan kilo ɗaya a saman ruwa. Wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun kwanta a kan gora suna iyo, suna zuba kifi a cikinta, ya riga ya ga wannan ilimi da idonsa. Sai dai gora ba ta naɗuwa. Abin da mai ƙira ke nema shi ne gorar da za a hura da baki a gaɓa, a sace iskarta a ɗaya gaɓar, a dunƙule ta a cusa a aljihun jaka.

Daga nan sai yaƙi da yoyo. Duk inda allura ta huda, ruwa ya sami ƙofa, don haka ba a ɗinka jikin irin wannan jaka. Yadin nailan ne da aka shafe da roba, a haɗa gefe da gefe a manne su da zafi har su zama abu guda. Bakin ma ba a cika sa masa zif ba, domin yashi na cin zif. Sai a ƙara wa jakar tsawon wuya, a sa ɗan tauri a leɓen, mai ita ya haɗa leɓunan ya naɗe su ƙasa sau uku ko fiye, ya lanƙwaso gefe biyu ya ƙulle. Kafin ruwa ya kai ga kaya sai ya bi kowane ninki, kuma iskar da aka tsare a ciki tana ƙara matse ninkin. A birnin Basel na Suwizalan, inda mutane ke zuba tufafinsu a jaka su bi kogin Rhine da iyo lokacin zafi, jakarsu mai siffar kifi, Wickelfisch, sau bakwai ake naɗe wutsiyarta.

Igiyar jan jakar a ruwa ce wurin da gwani ke bambanta da ɗan koyo. In ta yi gajarta, jakar ta riƙa dukan ƙafa a kowane bugu. In ta yi tsawo, iska ta kaɗa jakar gefe, igiyar ta harɗe ƙafa ko ta maƙale a ciyawar ruwa. A ƙugu ake ɗaura ta, inda jiki bai cika motsi ba, da maɗaurin da hannu ɗaya ke iya ɓallewa nan take. Wannan ba ƙawa ba ce, batun rai ne. A kogi mai gudu ma gara a riƙe jakar da hannu, domin in ta maƙale a wani abu alhali tana ɗaure a jiki, ruwa zai danne mai ita. Launi kuma mai kashe ido ake zaɓa, ruwan lemo ko ruwan hoda, saboda daga cikin jirgin ruwa da ƙyar ake hango kan mai iyo.

Ga mai tafiyar kwanaki da tanti da abinci, 'yan'uwa biyu a Birtaniya, Tom da Will Watt, sun fito da RuckRaft. Roba ce da ake hurawa, mai siffar harafin U. Ana zura jakar goyo dungurungum cikin babbar jakar da ba ta shan ruwa, a kwantar da ita a tsakiya, a ja. Tana ɗaukar har kilo 15. Hikimar tana ga siffar: kaya sun kwanta ƙasa-ƙasa tsakanin hannuwa biyu masu iska, ba su yi tozon da iska za ta kifar ba, gaban kuma yana tsaga ruwa.

Mutanen Suwidin wata amsa dabam suka bayar: a raba mutum da jaka gaba ɗaya. Gasar ÖTILLÖ, wadda aka fara a 2006 a tsibiran Stockholm, a shekarun baya ta kai kusan kilomita 75, wajen 65 na gudu da 10 na iyo, ana yin ta bibbiyu. Doka ta ce abin da ka tashi da shi, da shi za ka ƙarasa. Shiga da fita ruwa sun yi yawan da ba wanda zai tsaya sauya kaya. Sai aka juyar da rigar iyo ta roba: zif ya dawo gaba don a buɗe ƙirji a sha iska lokacin gudu, aka datse ƙafafun rigar a saman gwiwa, aka yi aljihu a ciki. Da takalmi ake iyo, mai zubar da ruwa da wuri. Da yake takalmi na nutsar da ƙafa, sai a maƙala wani dunƙulen soso mai yawo a kan ruwa tsakanin cinyoyi, a ɗaure shi da roba a cinya ɗaya; da an taka tudu sai a murza shi gefe a zura da gudu.

Ainihin jarrabawar duk waɗannan kaya a gaɓa take, bayan an fito. Ruwan sanyi yana kwashe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, yatsu su sandare, ƙaramin maɗaurin da ake buɗewa cikin wasa a shago ya gagara. Jiki kuma yakan ci gaba da yin sanyi bayan fitowa, makyarkyata ta zo bayan 'yan mintoci. Shi ya sa masu ƙira na ƙwarai ke yin maɗauri manya da madauki mai faɗin da yatsa zai shiga ko ba ya ji, su kuma buɗa bakin jakar sosai, yadda tawul da rigar sanyi da aka ajiye a sama za su fito a ja ɗaya.