Tsakanin Ɗigo da Waƙafi: Sharhi kan Hausar Tambayoyin Lissafi na Firamare

1. Gabatarwa

Tun shekarar 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, Nijar take jarraba koyar da yara da harsunan ƙasa, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba wannan aiki gindin zama. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. A cikin watan Nuwamba na wannan shekarar ne kuma ministan ilimi na Tarayyar Nijeriya ya ba da sanarwar soke tsarin koyarwa da harshen uwa na 2022, yana kafa hujja da yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Ke nan duk inda yaro ya kasa lissafi da Hausa, akwai mai jiran ya ce laifin harshen ne.

Wannan takarda za ta yi sharhi ne a kan Hausar tambayoyin gwaji da ake ba ƴan firamare a fannoni huɗu: lambobi masu waƙafi, kason abu, awo, da siffofi. Yawancin irin waɗannan tambayoyi da Faransanci ko Ingilishi aka fara tsara su kafin a juyo su zuwa Hausa. Misalan da ke tafe an gina su ne a kan salon da aka saba gani. Ra'ayin takardar shi ne, sau da yawa yaron da aka ce ya faɗi lissafi, jimlar ce ta kayar da shi tun bai kai ga lambobin ba.

2. Lambobi masu waƙafi

Matsala ta farko a rubutu take. Makarantun Nijar, da na Cadi, da ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci, waƙafi suke sawa tsakanin cikakkiyar lamba da guntunta. Na Nijeriya da Gana ɗigo suke sawa, su bar waƙafi wajen raba dubbai. Saboda haka yaron Maraɗi zai karanta 1,250 a matsayin ɗaya da kwata, na Katsina kuwa ya karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, alhali harshensu ɗaya. Babban taron duniya kan ma'aunai ya yanke a 2003 cewa ɗigo da waƙafi duk sun halatta a matsayin alamar guntun lamba, amma kada a yi amfani da ko ɗaya daga cikinsu wajen raba dubbai. Fili za a bari, kamar 1 250. Littafin Hausa, da yake yana iya ƙetare iyaka, shi ya fi kowane buƙatar bin wannan ƙa'ida, da faɗa tun a shafin farko wace alama ya zaɓa. A nan waƙafi muka ɗauka.

Matsala ta biyu ta furuci ce. A duba:

(1) Wanne ya fi yawa, 0,5 ko 0,25?

Malamin da ya bi al'adar Faransanci zai karanta "sifili waƙafi biyar" da "sifili waƙafi ashirin da biyar". Yaro ya san ashirin da biyar ta fi biyar, don haka ya zaɓi 0,25, kuma bisa ga abin da kunnensa ya ji bai yi kuskure ba. Hausa tana da mafita biyu. Ana iya kiran lambobin ɗaiɗai, "sifili waƙafi biyu biyar". Ana kuma iya faɗar ma'anar kai tsaye, "kashi ashirin da biyar cikin ɗari" da "kashi hamsin cikin ɗari". Ta biyun ta fi dacewa da masu farawa, domin ita ce take nuna cewa rabi ake gwadawa da kwata.

Haka nan ya kamata a yi hattara da kalmar "da". A ƙirgar Hausa aikinta haɗa manyan lambobi da ƙanana, kuma tun can tana da harshen damo: "dubu ɗari da hamsin" na iya zama 150 000, na iya zama 100 050. In aka ƙara ɗora mata aikin waƙafi, aka ce "mita biyu da biyar", ba mai sanin 2,5 ake nufi ko 2,05. Bambancin santimita 45 ne, wanda ya isa ya ɓata wa tela riga.

3. Kason abu

A nan ne fassarar ta fi yin tuntuɓe, kuma kalmar "kashi" ce sanadi. A kwatanta:

(2) A raba goro 12 kashi uku.
(3) A ɗauki kashi uku cikin huɗu na goro 12.
(4) A nemo kashi uku na goro 12.

A jimla ta (2) "uku" tana faɗar yawan rabon da aka yi, wato lambar ƙasa, amsa kuwa 4 ce a kowane kashi. A ta (3) "uku" tana faɗar yawan kason da aka ɗauka, wato lambar sama, amsa 9. Ta (4) kuwa, wadda mai gaggawa kan rubuta yana nufin ɗaya bisa uku, ba ta da amsa guda. Wani yaro zai ce 4, wani ya ce kashi ukun duka, wato 12, kuma kowannensu yana da hujja a nahawu. Bai kamata "kashi" da lamba su tsaya su kaɗai a tambayar gwaji ba tare da "cikin" ko "bisa" ba, sai in rabawa ake umarni.

Abin mamaki shi ne yadda masu tsara tambayoyin suke kauce wa kalmomin da Hausa ta daɗe da arowa daga Larabci: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri. Ba baƙi ba ne a kunnen yaron da yake zuwa makarantar allo ko Islamiyya. Da su ake rabon gado, inda matar mamaci take samun rubu'i in bai bar ɗa ba, sumuni in ya bari. Da su ake fitar da zakkar amfanin gona, ushuri ga noman damina, rabin ushuri ga wanda aka wahala wajen ban ruwansa. Babban abin da yake rikita yara a wannan darasi shi ne yadda 1/4 ta fi 1/8 alhali 8 ta fi 4, ga shi kuwa duk gidan da aka taɓa raba gado an san rubu'i ya fi sumuni. Ɗalibin harshe zai kuma lura cewa saiwar waɗannan kalmomi tana nan cikin ƙirga da sunayen ranaku: sulusi, talatin da Talata, rubu'i, arba'in da Laraba, humusi, hamsin da Alhamis.

Amma a yi adalci. Jerin Larabcin a goma ya tsaya, ba shi da kalma guda ta 1/12 ko 5/16. Don haka tsarin "bisa" da littattafan suka zaɓa shi ne mai ɗorewa, kuma sun yi daidai da suka sa shi a gaba. Kuskurensu shi ne barin tsofaffin kalmomin baki ɗaya, maimakon a taka su a hau zuwa sabon tsarin.

4. Awo da kuɗi

Abin yabo a wannan fanni shi ne ba a wahalar da yara da ƙirƙirarrun kalmomi ba. Mita, lita, kilo da giram sun riga sun zama Hausa, kuma an bar su yadda suke. Inda aka gaza shi ne an rubuta tambayoyin kamar babu wani awo a ƙasar kafin mita. Yaron da aka aika kasuwa tiya ko mudu yake sayowa, a gona dami yake ƙirgawa, a gida yana jin kamu, taƙi, gaba da taku. Waɗannan ma'aunai ba su da tsayayyen girma: kamun dogo ya fi na gajere, tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Wannan saɓanin shi ne darasin. In aka sa yara biyar suka auna tsawon aji da takunsu, suka sami amsa biyar, sun gane amfanin mita ba tare da dogon bayani ba.

Akwai kuma ma'aunan Ingila da suke yawo a kasuwanninmu. Yadi mita 0,9144 ne, turmin atamfa mai yadi shida kuwa ya kusa mita biyar da rabi. Eka kimanin kashi biyu cikin biyar na hekta ce, hekta kuwa mita murabba'i 10 000. Kalmomin biyu sun yi kusa a kunne, kuma mai fassarar da ya musanya su ya ninka gona kusan sau biyu da rabi ko ya rage ta.

Batun kuɗi ya fi kowanne haɗari ga littafin Nijar:

(5) Alƙalami ɗaya 150 F ne. Nawa ne kuɗin huɗu?

A takarda amsa 600 F ce. Amma Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya tamma biyar, jika ɗaya tamma dubu. A bakinsa alƙalamin dala talatin ne, huɗu kuwa dala ɗari da ashirin. Yaron da ya rubuta 120 ya yi lissafi daidai, har ya haɗa da rabawa da biyar da ba a tambaye shi ba, amma jan biro zai samu. Mai fassarar da ya mayar da 150 F "dala 150" kuwa ya ninka farashi sau biyar. Dole tambaya ta faɗi da wace ƙirga ake son amsa, kuma juya dala zuwa tamma ya cancanci darasi na kansa. A lura kuma cewa kuɗi ba su da amfani sosai wajen koyar da waƙafi a yankinmu: ba a ciniki da guntun tamma, kwabon da ya zo da naira a 1973 shi ma ya ɓace daga hannun jama'a. Mita da santimita sun fi dacewa da wannan aiki.

5. Siffofi

(6) Gona tana da tsawon mita 40 da faɗin mita 25. A nemo faɗin gonar.

Mai tambaya yana jiran mita murabba'i 1 000, yaro kuwa ya ga an riga an ba shi amsa, sai ya rubuta 25. A maganar yau da kullum "gona mai faɗi" daidai ne, amma lissafi ba ya yarda kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu a tambaya guda. A bar "faɗi" wa gefe, a ce "girman fili" ga abin da ke ciki, "kewaye" ga zagayen, wanda a nan mita 130 ne. Irin wannan gyara ake buƙata ga "tsawo", da yake nufin na kwance da na tsaye. In ana maganar akwati ko randa, a keɓe "tsayi" ko "zurfi" ga na tsayen.

Sunayen siffofi ma suna son tsantseni. "Mai kusurwa huɗu" suna ne na dangi guda; murabba'i ɗaya ne daga cikinsu, wanda gefensa huɗu suke daidai, kusurwoyinsa kuma masu digiri 90. In aka kira kowace siffa mai gefe huɗu murabba'i, to "mita murabba'i" ta rasa ma'ana. Sannan a guje wa "kwana" ta aro a madadin kusurwa. A baki karin sauti da tsawon wasali suna raba ta da "kwana" ta barci, amma rubutunmu ba ya nuna su, kuma "kwana uku" a takardar yaro ranaku ne.

Da'ira kuwa ana gabatar da ita da kayan zane na kanti, alhali mai gina rumbu ko ɗaki zagayayye da turke da igiya yake shata ta. Igiyar mita 2 tana ba da da'irar da tsakiyarta daga gefe zuwa gefe mita 4 ce, kewayenta kuwa kimanin mita 12,56. A tambaya guda an haɗa siffa, awo da waƙafi, da kayan da ke kowane ƙauye.

6. Ginin jimla

Faransancin lissafi yana son doguwar jimla guda, tambaya a gaba, sharuɗɗa a baya. Hausa labari take jerowa: abin da aka samu, abin da aka yi da shi, sa'an nan tambaya. Jimloli uku gajeru sun fi guda ɗaya mai "ganin cewa" da "sanin cewa". Haka kuma umarnin "ka nemo" namiji kaɗai yake kira, a ajin da ƴan mata suke zaune. "A nemo" ko "ku nemo" sun ɗauke kowa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa babu ɗaya daga cikin matsalolin nan da ta samo asali daga gazawar Hausa. Wasu daga kwaikwayon harshen da aka fassaro suke, wasu daga barin kalma mai ma'ana biyu, wasu kuma daga ƙin duba yadda jama'a suke ƙirga da awo. Gwajin harshen Yarabanci da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya haɗa malaman lissafi da masana harshe wajen rubuta littattafai, kuma wannan haɗin shi Hausa take buƙata. Ɗaliban wannan sashe su ne masu fassarar gobe. Kafin su miƙa kowace tambaya ga maɗaba'a, su karanta ta da ƙarfi ga yaron da bai ga asalinta ba, su tambaye shi abin da aka ce ya nemo. In ya faɗi wani abu daban, jimlar za a gyara.