Ƙidaya da gurbi: sharhi a kan Royal Rumble da ma'aunin Barthes

1. Shimfiɗa

A shekarar 1957 Roland Barthes ya buɗe littafinsa Mythologies da wani ɗan babi a kan wasan da Faransawa ke kira catch, wato kokowar nan ta cikin igiya wadda ake tsara ƙarshenta tun kafin a shiga fage. Har yanzu duk ɗalibin da ya taɓo wannan fanni, a rijiyar nan yake ɗibar ruwa, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ra'ayin Barthes a taƙaice shi ne, dambe labari ne da ake ginawa a gaban mai kallo, har ana iya yin caca a kan ƙarshensa. Catch kuwa tarin hotuna ne, kowane motsi yana ɗauke da cikakkiyar ma'anarsa nan take, tsawon lokaci ba ya ƙara masa kome. A wannan takarda za mu aza wannan ma'auni a kan wasa guda, Royal Rumble, wanda kamfanin WWE na Amurka (sunansa WWF kafin 2002) ke shiryawa a farkon kowace shekara. A ganinmu ma'aunin bai ɗauke shi ba, domin wannan wasa da lokaci aka gina shi.

Muna cewa "kokowa" ne don rashin wata kalma, kuma mun san tana ɓatar da mai karatu. Wanda ya saba da gasar takobi, wadda ƙasarmu ta fara a Tawa a 1975, ya san kaye kaye ne, ba wanda ya rubuta shi. Daga nan wasu ke yanke hukunci cewa na Amurka ƙarya ce, su rufe zance. To amma kamfanin da kansa ya shaida wa majalisar jihar New Jersey a 1989 cewa wasansa nishaɗi ne, ba gasa ba, don ya kuɓuta daga hukumar kula da wasanni. Ba a kama mai tatsuniya da laifin ƙarya, ana dai tambayar yadda ya ƙulla zarensa. Abin da za mu tambaya ke nan.

2. Doka a matsayin nahawu

Tsohon salon wannan wasa shi ne a zuba ƙarti ashirin ko fiye cikin fage a lokaci guda, su yi ta turereniya har saura ɗaya. Ido ba ya iya bin kowa, kuma minti goma na farko cunkoso ne kawai. Pat Patterson, mutumin Montreal wanda Faransanci ne harshensa na farko, abu ɗaya ya sauya: mutum biyu su fara, sauran su riƙa shigowa ɗai-ɗai, galibi bayan kowace daƙiƙa 90 ko minti biyu. An fara nuna shi a talabijin ranar 24 ga Janairu 1988 a Hamilton ta Kanada, da mutum 20, Jim Duggan ya ci. Daga 1989 adadin ya zauna a kan 30, in ban da 2011 da aka yi 40. Tun 1993 kuma ladan wanda ya ci shi ne karawar neman kambu a WrestleMania.

Abin da Patterson ya yi, da bakin masu ilimin harshe, shi ne ya mayar da taro ya zama jimla. Kalmomi ba sa fitowa daga baki a dunƙule, wata na bin wata, kuma wadda ta gabata tana sauya ma'anar wadda ta biyo. Misalin da ya fi kowane bayyana wannan shi ne na 1992 a Albany, inda aka aza kambun kamfanin, wanda ba ya hannun kowa a lokacin. Ric Flair ya shigo a lamba ta 3, ya yi kusan awa guda a fage, ya ci. Wanda ya kunna faifan a minti na hamsin zai ga mutum mai farin gashi yana tangaɗi yana riƙon igiya, hoto ne irin na Barthes, gajiya a fili. Amma ba zai ji nauyinta ba sai ya kasance ya ga shigowar Flair, ya ga abokan gabansa suna isowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sabon ƙarfi, kowa kuma shi yake fara nema, ya kuma ji mai sharhi Bobby Heenan yana ta magiya da kuka a kansa tun daga farko har muryarsa ta dushe. Wannan gajiya tarawa aka yi, minti bisa minti. Shaida ta biyu ta zo a 1995, da aka rage tazara zuwa minti ɗaya: wasan duka bai kai minti 40 ba, kuma duk da Shawn Michaels ya ci daga lamba ta 1, nasararsa ba ta yi kaurin ta Flair ba.

Doka ta biyu ita ce ta fita: a jefa mutum ta saman igiyar ƙoli, kuma ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Kalmar "biyu" ɗin nan ta ciyar da marubutan wasan shekaru da yawa. A 1994 Bret Hart da Lex Luger sun faɗo tare, aka ba su nasara su biyu. A 1995 ƙafa ɗaya ta Michaels ce ta taɓa, ya komo ya tunkuɗa British Bulldog wanda har ya fara murna. A 2012 Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, ya yi tafiya da hannuwa, ƙafafu a sama, har ya kai matakala. Wasa ne da lafazin doka, irin na lauyoyi, yana da daɗi, amma ba za mu tsaya a kansa ba.

3. Gurbi, da wanda bai zo ba

Tunda biyun farko ba a ƙidaya musu, sau 28 agogo ke bayyana, kuma sau 28 jama'a ke ɗaukar ƙidaya da baki ɗaya daga goma zuwa ɗaya. Kowace ƙidaya tambaya ce: wa ke nan? Gurbi ya buɗe, kuma a zuciyar mai kallo akwai jerin duk waɗanda za su iya cika shi. Da kiɗan shigowa ya tashi sai a zaɓi ɗaya, sauran su faɗi. Yayin da lambobi ke tafiya jerin yana raguwa, saboda haka darajar gurbi tana hawa, har a kai na 30, wanda bayansa babu sauran fata.

Saussure ya koya mana cewa darajar alama, abin da ya kira valeur, ba a cikinta take ba, tana cikin bambancinta da waɗanda za su iya tsayawa a matsayinta. Ba mu san wani misali a aji da ya kai abin da ya faru a Pittsburgh a Janairun 2014 ba. Jama'a na son Daniel Bryan, wanda ya riga ya yi wata karawa a daren ya sha kaye, kuma ba a sa shi cikin talatin ɗin ba. Suka yi ta jira gurbi bayan gurbi. Da na 30 ya buɗe sai ga Rey Mysterio, mutumin da yara da manya ke ƙauna, wanda ya ci wannan wasa a 2006 bayan minti 62 a fage. Aka yi masa eho. Bai yi laifin kome ba, fuskarsa da suturarsa suna nan yadda aka san su, wato duk abin da Barthes zai karanta a jikinsa yana cewa "gwarzo". Amma a wannan gurbi, a wannan dare, ma'anarsa ɗaya ce: ba Bryan ba ne. Batista ya ci cikin ihun ƙi, kuma kafin Afrilu kamfanin ya sake rubutunsa, Bryan ya ɗauki kambu a WrestleMania ta 30. A 2015 a Filadelfiya an sake: aka fitar da Bryan da wuri, Roman Reigns ya ci, ko The Rock da ya fito ya ɗaga masa hannu bai kashe wutar ba.

Kamfanin ƴan amshin Shata yake so, shi ya sa ya ba jama'a ƙidaya su riƙa rerawa. Sai dai wanda aka saba wa tambaya sau 28 a dare guda, wata rana zai ƙi amsar da aka ba shi. A 2021, saboda annobar korona, an yi wasan a Florida ba kowa a kujeru, fuskokin ƴan kallo a allunan talabijin, sowa da ƙidaya kuma daga na'ura. Edge ya ci daga lamba ta 1, aikin ya yi tsabta, amma mun kalle shi kamar waƙar da aka naɗi amshinta tun kafin makaɗi ya iso.

Inda muke da ƙorafi a kan shekarun baya-bayan nan shi ne tsufan alama. Abin da ba a saba gani ba shi ke ɗauke da labari, in ya yawaita sai ya koma al'ada. Daɗewar mai lamba ta 1 ko ta 2 ta zama abin da ake jira kusan kowace shekara, haka ma tsohon gwarzon da ake fito da shi ya yi minti biyu a tafa masa. Tun 2018 da aka ƙara na mata, wanda Asuka ta fara ci, kuma ƙari ne da ya dace, ƙidaya ta zama 56 a dare guda, alhali abin mamakin da ke hannun marubuta bai ninka ba. A San Antonio a 2023 Gunther ya shigo na farko ya yi minti 71, aiki ne na gaske. Amma an riga an yi makonni ana shelar dawowar Cody Rhodes daga jinya a wannan wasa, don haka da lamba ta 29 ta fito ba shi ba ne, babu wanda bai san na 30 ba. Jama'a sun ƙidaya daga goma zuwa ɗaya kamar kullum, da ƙarfi ma, sai dai a wannan karon ba tambaya suke yi ba.