Bayan ɗori, wa zai koya wa ƙafa tsayuwa?

Kwanan nan tallar kayan gyaran tsayuwa ta cika Facebook da WhatsApp: faifan katako mai ƙullutu a ƙasa wanda ake hawa yana karkata, matashin roba mai iska, da rabin ƙwallon nan mai suna BOSU da wani Ba'amurke, David Weck, ya ƙirƙiro. Samarin unguwarmu Briqueterie a Yawunde masu buga ƙwallo da waɗanda babur ya kayar sun fara tambayar nawa ne a sefa. Atisayen kam ina bayansa. Tallar ce nake da ja a kanta.

Yawunde gari ne na hawa da gangara, ga jar ƙasa mai santsi da damina, ga lambatu a bakin lunguna. Targaɗe abin yau da gobe ne a unguwarmu, kuma hanyar da muke bi sananniya ce: a tafi wurin maɗori, ya ja, ya murza, ya shafa mai, ya ɗaure. Da zarar kumburi ya sauka, mutum ya iya naɗe ƙafa a zaman tahiya, sai a ce an warke. Ba a jima ba ƙafar nan dai ta sake gurɗewa a kan ɗan dutsen da bai kai ya kawo ba, a shiga zargin maɗori, wani ma ya kawo zancen sammu.

Dalilin yana cikin idon sawun. Jijiyoyin da ke riƙe shi suna kai wa ƙwaƙwalwa labarin yadda ƙafa ta taka ƙasa, ita kuma ta sa tsoka ta gyara kafin mutum ya ankara. Targaɗe na dagula wannan saƙo, kuma ciwo kan tafi ya bar saƙon a dagule. Wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, da abokan aikinsa ne suka bayyana haka tun 1965, suka riƙa ɗora majinyata a kan katako mai karkata. A 2009 aka buga wani bincike na Holan a kan 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe: waɗanda suka yi atisayen tsayuwa a gida na mako takwas, haɗarin sake gurɗewarsu ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Mako takwas fa, da naci. Mai talla ba ya faɗin wannan.

Ba ya kuma faɗin cewa faifan ba shi ne matakin farko ba. Ana farawa da tsayuwa da ƙafa ɗaya a daɓe, kusa da bango, kamar rabin minti. In ta zaunu, a rufe ido. Daga nan a koma kan katifa ko bargon da aka ninke. Sai an ƙoshi da waɗannan ake hawa faifai, wanda kafintan bakin layi zai iya sassaƙawa da ragowar katako. Telolinmu masu keken ƙafa kada su ce ai kullum cikin motsa sawu suke: taka keke gaba da baya ne, gurɗewa kuwa ta gefe take zuwa.

Akwai waɗanda nake jin tsoron tallar nan a kansu. Wanda ya kasa yin taku huɗu bayan ya faɗi, ko ƙashin idon sawunsa ke masa zafi in an danna, hoton ƙashi yake buƙata tukuna. Ƙa'ida ce da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992. Haka dattijo mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ya daina ji sosai, hawan abu mai lilo shi kaɗai a ɗaki na iya kai shi ga karayar ƙugu.

Masu gashin ƙashi, waɗanda a nan muke cewa kine, suna asibitocin gari, ga kuma cibiyar Etoug-Ebe mai sunan Kadinal Paul-Émile Léger. Kuɗin da za a zuba a roba 'yar waje, gara a kai shi can a duba ƙafar, a nuna wa mutum matakan, ya dawo gida ya ci gaba. Amma wanda mutanenmu suka fi jin maganarsa shi ne maɗori. Da zai riƙa cewa, ranar kwance ɗauri, "Tashi ka tsaya da ƙafa ɗaya in gani," da an gane tun a tabarmarsa wanda aikinsa bai ƙare ba.